Wace makarantar Kirista ce za ta riƙe min yarinya mai ciwon damuwa?

Maman Biyu, Tumfure:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Na daɗe ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, yau dai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babbar 'yata shekararta 19. Bara waccan ta sami gurbin karatu a wata makaranta a wajen jihar nan, ba zan kama suna ba. Zangon farko lafiya lau. Da aka shiga na biyu sai kiran waya ya fara ja baya, in ni na kira ta ce tana aji, muryar can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ranar da na kasa haƙuri na hau mota na je, na same ta kwance a gadon sama da rana tsaka, ta ba ƙofa baya. Garin kunu da yajin da na haɗa mata tun tafiyarta suna nan a ɗaure, ƙullin hannuna ne ba a kwance ba. Kitson da aka yi mata a gida shi ne a kanta har ya cukurkuɗe. 'Yan ɗakinsu suka ce ta fi sati uku ba ta shiga aji ba, kuma ba wani babba da ya leƙo ya ce ina yarinyar nan take.

Na taho da ita gida. Likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya ɗora ta a kan magani, muna komawa duk wata. Yau wata 11 ke nan, kuma na ga hannun Ubangiji. Tana ci, tana barci, ta koma cikin mawaƙa a coci, ta sake rubuta JAMB ta ci.

Ni da babanta mun fi son wannan karon ta je makarantar Kirista, inda za a sa mata ido kamar 'ya. To wacce? Wacce ce ba za ta ce mata ki zubar da magani ki yi azumi ba, kuma ba za ta kore ta ba in ciwon ya motsa? Duk wanda ya san wani abu ya taimake ni.

Hajiya, 'yar ajinmu ta sakandare:
Wayyo ƙawata, ashe abin da kike ciki ke nan muna haɗuwa a kasuwa kina min murmushi. Ni ba ni da masaniya a kan makarantunku, amma uwa ce ni. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Malamin jami'a, Yalwa, Bauchi:
Sannu da ƙoƙari Maman Biyu. Bari in fara da sunaye, tun da su kika tambaya. A nan Arewa, cikin ikilisiyoyinmu, ECWA tana da Jami'ar Bingham a Karu, jihar Nasarawa, dab da Abuja, tun 2005. COCIN tana da Jami'ar Karl Kumm a Vom, ita sabuwa ce, a 2021 ta sami lasisi. Katolika suna da Veritas a Bwari, NKST kuma tana da Jami'ar Mkar kusa da Gboko. In ta kudu ce akwai Bowen ta Baptis a Iwo, da Babcock, da Covenant, sai dai nisan ya yi yawa ga wadda ke ganin likita duk wata. JETS ta Jos, da TCNN ta Bukuru, da tamu ta Kufai a Billiri, waɗannan na tauhidi ne, sai in hidimar coci take nufi.

Amma shekarun da na yi ina koyarwa sun nuna min abu ɗaya: sunan da ke rubuce a ƙofar makaranta ba shi ke hawa bene ya ƙwanƙwasa ɗakin yarinyar da ta daina fitowa ba. Mutum ne ke yin wannan. Shi za ki je ki nema, ki gan shi da idonki, ki karɓi lambarsa.

Maman Biyu, Tumfure:
Na gode Malam. Lissafin kuɗi take so ta karanta. Wata ta ce min Bingham tana da asibitinta, shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da ita.

Anti Nas, Kaltungo:
Tana da shi, amma ki lura da kyau. Asibitin koyarwar yana Jos, shi ne Jankwano da muka sani tun yana Evangel. Harabar da masu karanta lissafin kuɗi ke zama kuwa tana Karu, tafiyar awanni ce tsakaninsu. Don haka tambayar da za ki yi a can, da ma kowace makaranta, ita ce: a wannan harabar da yarinyata za ta kwana, wa ke kilinik da ƙarfe biyun dare? Likita ne ko nas? In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, wane asibiti kuke turawa, kuma wa ke raka ɗalibi?

Dattijo, Billiri:
'Yata, na karanta da hawaye. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina ko ba zai yi wa yaran zamani daɗi ba. Mu da muka taso ba mu san wani ciwon damuwa ba. Mun ga yunwa, mun ga mutuwar 'ya'ya, mun durƙusa mun yi addu'a mun tashi. Yarinya mai shekara 19, iyayenta na raye, me ya dame ta? Ni ina ganin hari ne na magabci. A nema mata makarantar da ake addu'ar dare da azumi da gaske, a bar cika mata ciki da ƙwayoyin da in ta saba ba za ta iya rabuwa da su ba. Bangaskiya ba ta tafiya da sanda biyu.

Anti Nas, Kaltungo:
Baba, da girmanku, ku ba ni dama in amsa. Kun san asibitin cizon maciji da ke garinmu. Lokacin shuka da na girbi, har daga Adamawa da Taraba da Borno ake kawo mutanen da kububuwa ta sara. Akwai dattawan coci a cikinsu, akwai fastoci. Ban taɓa jin wanda ya tsaya a bakin gado ya ce kada a yi wa wannan allura, rashin bangaskiya ne ba. Ana addu'a, ruwan allurar yana shiga jijiya, kowa ya ce amin. Me ya sa sai ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa ne za a ce masa zaɓi ɗaya, ko Yesu ko likita? Ita ma ƙwaƙwalwar tsoka ce da jini, Allah ne ya yi ta kamar yadda ya yi ƙafa.

Batun sabo kuma, magungunan damuwa irin su fluoxetine ba kamar tramadol ko kodin ba ne, ba sa bugarwa, mutum ba ya ƙishirwarsu. Sukan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kuma ko an warke likita kan ce a ci gaba aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. In lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa. Wanda ya yanke dare ɗaya shi ke shan jiri da rashin barci, sau da yawa ciwon ya dawo ya fi na da. Abin da nake tsoro ke nan a makarantar da wani mai wa'azi zai ce duk mai magani ya kawo shi gaban bagade ya ajiye.

Kuma Baba, ciwon nan yana nan a zamaninku. Sunansa ne dabam. Wane ya shiga ɗaki ya daina magana, wance tun da ta haihu ba ta koma daidai ba. Ku tuna, za ku sami irinsu a dangi.

Dattijo, Billiri:
Maciji ana ganin saransa. Wannan fa?

Anti Nas, Kaltungo:
Hawan jini ma ba a ganinsa Baba, amma kuna shan maganinsa kowace safiya.

Baba Fasto mai ritaya, Gombe:
Ɗan'uwana Dattijo, mun daɗe tare a aikin Ubangiji, na san don ƙauna ka yi magana. Ni ma haka na riƙa koyarwa da ƙuruciyata, kuma akwai waɗanda na cutar da wannan koyarwa, ina roƙon gafara a kansu har yau.

Mu koma ga annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin da ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Me Ubangiji ya fara yi masa? Bai tsawata masa ba, bai ɗora masa azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya ci ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan nan aka yi magana. Da Sarki Hezekiya ya kwanta, ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe kukan mutum ne a cikin duhu, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba.

Masu bisharar ƙungiyar mishan ta SIM da suka iso ƙasar Tangale a 1917 ba wa'azi kaɗai suka tsaya a kai ba, sun wanke gyambo, sun ba da magani, sun buɗe aji. Gādonmu ke nan.

Maman Biyu, 'yata, in kin je makaranta ki nemi faston makarantar ki zauna da shi. Ki yi masa tambaya ɗaya tak: in ɗaliba ta zo ta ce maka tana shan maganin damuwa, me za ka ce mata? Ki yi shiru ki saurara. In ya ce zan yi addu'a da ita in kuma tabbatar ba ta fasa ganin likitanta ba, kin sami uba. In ya fara zancen karya ƙulli da la'anar kakanni, ki gaishe shi da aiki ki kama hanya.

Dattijo, Billiri:
Na ji Rabaran. Ban ce na sauka daga ra'ayina duka ba, don na ga abin da addu'a ta yi da idona. Amma yarinyar jikata ce, ba zan so a cuce ta ba. Zan sa ta a addu'ar asuba.

Ɗan Tula:
Mama, ban taɓa faɗin wannan a fili ba, matata da iyayena kaɗai suka sani. Amma saboda ƙanwata zan faɗa.

Na yi karatu a wata makarantar coci. Ciwona ba irin nata ba ne, nawa mai hawa da sauka ne: wani lokaci in faɗi ƙasa warwas, wani lokaci in tashi sama har in ji ba wanda ya kai ni. Ina shan maganin lithium, ina lafiya, ba wanda ya sani. A shekara ta biyu aka sa makon farkawa, azumi ba ci ba sha har yamma, ga addu'ar dare uku a jere, kuma ana ɗaukar sunan wanda bai zo ba. Kunya ta hana ni zuwa in ce likita ya hana ni kwana a farke. Ga zafin watan Maris, ga ba ruwa a jiki, hannuna ya fara rawa har biro ya gagare ni, sai na tsorata na ajiye maganin gaba ɗaya. Cikin kwana goma na daina barci. Ina wa'azi a bakin famfo da ƙarfe ukun dare, na raba kayana, har takalmin ƙafata na bayar. Abin da ya fi min ciwo, da farko yaba min aka riƙa yi, wai wuta ta sauko wa ɗan'uwa. Sai da na fara faɗa da masu gadi aka ce aljanu ne, aka kulle ni a wani ɗaki ana addu'a a kaina kwana biyu kafin a kira babana. Daga baya takarda ta biyo ni gida, an dakatar da ni saboda rashin ɗa'a.

Ban riƙe su a zuciya ba, rashin sani ne. Mutum ɗaya ce ta gane, matar da ke share kilinik. Ita ta ce wa babana a ɓoye, Baba ku kai shi asibiti, na taɓa ganin irin wannan. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna na dawo hayyacina. Na ƙarasa digirina a jami'ar gwamnati, yau ina aiki, ina da 'ya'ya biyu, ina shan maganina, ina koyar da Lahadi sukul.

Don haka ki tambaya, Mama: azumi da addu'ar dare dole ne? In likita ya rubuto takarda, ana ɗaga wa ɗalibi ƙafa ba tare da an kira sunansa a gaban jama'a ba? Ga mai irin ciwonmu barci magani ne, daidai yake da ƙwayar.

Maman Biyu, Tumfure:
Ɗana, na ajiye wayar na yi kuka kafin in iya amsa maka. Ubangiji ya sāka maka. Ko a mafarki ban yi tunanin tambayar azumi ba.

Hajiya, 'yar ajinmu ta sakandare:
Mu ma haka take a wajenmu, an yi ta ruƙiyya ana cewa aljanu ne, yaro na ƙara lalacewa. Alhali marar lafiya an ɗauke masa azumi. Ciwon nan bai san masallaci ko coci ba.

Malamin jami'a, Yalwa, Bauchi:
Labarin Ɗan Tula ya kawo mu kan takarda, ita ce ɓangaren da iyaye ke mantawa. Kowace jami'a tana da littafin dokokin ɗalibai. Ki nema ki karanta kafin ki biya ko sisi, ba bayan an biya ba. Ki duba ko ana barin ɗalibi ya jingine karatu na zango ɗaya ko shekara saboda rashin lafiya ya dawo inda ya tsaya, da abin da ke faruwa da kuɗin da aka riga aka biya. Ki duba in jarrabawa ta wuce shi yana kwance, ana ba shi ta maye ko faɗuwa ake rubuta masa. Wannan kaɗai ya isa ya raba makarantar da za ta riƙe ta da wadda za ta zubar da ita.

Sai dokar fita. Yawancin jami'o'in coci a killace suke, ɗalibi ba ya wuce ƙofa sai da takardar izini, wasu kuma a kudu ba sa barin riƙe waya. Iyaye na son haka, ni ma na fahimta. Amma yarinyar da ke da ranar likita duk wata, in sai ta bi ofis uku tana bayyana ciwonta kafin a sa mata hannu, wata rana za ta gaji ta fasa. Wadda kuma muryar uwarta ce ke kwantar mata da hankali da dare, a raba ta da waya ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ofishin ba da shawara a kusan kowace jami'a. Kada allon ƙofa ya ishe ki. Ki shiga. Wa ke zaune a ciki, me ya karanta, kwana nawa yake zuwa a sati? A wani wurin za ki tarar malami ne aka ɗora wa a kan aikinsa, ƙofar kullum a kulle. Ki kuma tambaya ko abin da ɗalibi ya faɗa a ɗakin yana isa kunnen kwamitin ladabtarwa. In yana isa, ba yaron da zai buɗe baki.

Baban Yara, Bolari:
Ni fa inda na tsaya dabam ne. Duk wannan tambaye-tambaye, ai tallan yarinyar ake yi. Duniyar cocinmu ƙarama ce. Faston makaranta ya san faston garinku, matarsa tana zumuntar mata da ƙanwar wanda zai zo neman aurenta gobe. Magana ɗaya za ta fita, a ce ai 'yar gidan wane ta taɓa taɓuwa, shi ke nan. Ni a ganina ta je da maganinta a jaka, ta sha a ɓoye, bakinta alaikum.

Ɗan Tula:
Kawu, abin da na yi ke nan daidai. Ka ga inda ya kai ni. Ɓoyon da na yi shi ya sa ranar da abin ya fashe, makaranta duka ta gani.

Baban Yara, Bolari:
Na ji naka, amma kai namiji ne. Ka yi aure. 'Ya mace fa? Kada mu yaudari juna.

Anti Nas, Kaltungo:
Tsoronka gaskiya ne Baban Yara, na ga auren da aka fasa a kan ƙasa da wannan. Amma tsakanin shela da ɓoyo akwai hanya. Ba sai an gaya wa makaranta duka ba. Mutum biyu sun isa: likitan kilinik, da babba ɗaya da yarinyar ta yarda da shi. Lokacin zagayen tambaya kuma ba dole ne Maman Biyu ta ce 'yata ce ba, tana iya cewa ina tambaya ne a kan yadda kuke yi da ɗalibi mai irin wannan lalura.

Doka ma yanzu tana bayanmu. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta ba marar lafiya haƙƙin a riƙe sirrinsa, ta kuma hana a nuna masa wariya saboda ciwonsa. Kafin ta shiga jinin mutane za a ɗau lokaci, amma uwa tana iya ambatonta a ofis a san ta san abin da take yi.

Ni abin da ya fi damuna nisa ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Wanda ya sami likitan da ya san fayil ɗinsa, ya san fuskarsa ranar da take daidai da ranar da ba ta daidai, ya sami dukiya. Tun 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya nuna haka a Aro ta Abeokuta: ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu maimakon a kulle su, don ya ga mutum ya fi warkewa a cikin nasa. In za ta yi nisa, to likitanta ya rubuta takardar miƙa ta ga wani tun kafin ta tafi. Jos akwai JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, Bauchi akwai asibitin koyarwa na ATBU, Abuja ma akwai manyan asibitoci. Ta tafi da maganin da zai kai ta hutu, kada ta dogara da kemis ɗin bakin makaranta.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon kowace uwa a nan ta riƙe. In yaro ya fara cewa gara ba ya duniya, ko ya fara raba kayansa yana sallama, ba a jira gari ya waye, ba a bar shi shi kaɗai. Asibiti kai tsaye. Tambayarsa a fili ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa.

'Yar FCS, Jami'ar Jihar Gombe:
Iyayena ku gafarce ni, ni ƙarama ce a nan. Tun safe nake bin maganar, na ga an tambayi fasto, an tambayi likita, an tambayi littafin doka. Ita Yaya fa, an tambaye ta?

Kuma ina so Mama ta sani, ba sai makaranta ta zama ta coci ake samun zumuntar Kirista a cikinta ba. FCS, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, tun 1957 take, daga Gindiri ta faro, kuma kusan duk makarantar gwamnati a Arewa za ki same ta. A ɗakinmu akwai wadda ke da irin wannan ciwo. Mu uku muka sani. In ta kwana biyu ba ta fito ba, ɗaya ta kawo mata kunu da ƙosai ta zauna a bakin gadon, ko ba a yi hira ba. Ranar asibitinta ɗaya ta raka ta, mu hau Keke Napep tare. Ba wanda ya sa mu. Ranar Juma'a mamanta na zuwa ta ɗauke ta, Lahadi da yamma ta dawo. Tana aji uku yanzu.

Baba Fasto mai ritaya, Gombe:
Yarinyar nan ta fi mu duka gani. Allah ya yi miki albarka, jikata.

Malamin jami'a, Yalwa, Bauchi:
Gaskiya ne, sai dai kada mu rufe ido a kan ɗaya gefen. Jami'ar gwamnati aji ɗaya na iya ɗaukar ɗaruruwa, yaro ya ɓace wata guda malami bai sani ba, ga yajin aiki, na 2022 wata takwas ya ci. Zaman jiran nan kansa yana karya zuciya. A ƙaramar makarantar coci kuwa ana saurin gane wanda ba ya nan. Kowanne da nasa. Ga kuma kuɗi: in kuɗin makaranta zai cinye na magani da na motar zuwa dubiya, an yi ba a yi ba.

Baban Yara, Bolari:
Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yaro yana jin nauyin bashin da iyaye suka ci dominsa ko ba a faɗa masa ba.

Maman Biyu, Tumfure:
Salama. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu. Maganar 'yata ta FCS ce ta hana ni barci, don gaskiya ban tambaye ta ba. Ni da babanta muka yanke, muka sanar da ita.

Jiya da yamma muna tsinke zogale a tsakar gida na miƙa mata wayar, na ce karanta. Ta karanta tun daga sama, ta daɗe a kan na Ɗan Tula. Sai ta ce, Mama ni ba sunan makaranta nake tsoro ba, tsorona in sake kwanciya ba wanda ya sani. Ta ce tana son makarantar coci don tana son inda za ta yi waƙa, amma ba ta son inda za a ɗora mata hannu a ka a gaban mutane. Ta ce kuma in za a gaya wa wani, ita za ta faɗa da bakinta, ba ni ba. Na ce na yarda.

Babanta har yanzu Karu yake so. Ita ta fi karkata ga Jos ko nan gida. Ba mu gama ba. Ranar Talata muna da likita, za mu tambaye shi ko ya ga ta kai ta yi nisa bana, ko ta fara daga gida. In ya amince, sati mai zuwa za mu je mu ga makarantu biyu da idonmu. Ta kwafe tambayoyinku duka a bayan littafin waƙoƙinta, ta ce ita za ta yi su.

Baba Dattijo, ta ce in gode muku da addu'ar asuba, kada ku fasa.

Dattijo, Billiri:
Ban fasa ba, ba kuma zan fasa ba. Ki gaya mata ta sha maganinta.

Malamin jami'a, Yalwa, Bauchi:
In ta Jos za ku bi, ku tsaya a Bauchi ku ci abinci a gidana, maman yara na nan. Kuma kada ku je ranar Asabar, ofisoshi a rufe suke. Ku je tsakiyar sati ɗalibai na nan, ta sami 'yan aji biyu ko uku ta yi hira da su ita kaɗai, ke ki koma gefe.

Anti Nas, Kaltungo:
Ki karɓo takardar likitan tun ranar Talatar, kwafi biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a naki. In kun dawo ki faɗa mana abin da faston makarantar ya ce.